Waƙar Da Ta Fita Ta Bakin Turmi

Hassada ce laifin da za a hukunta a labarin nan, kuma ba hassadar bare ba, ta cikin gida, wadda ake cin tuwo da mai ita a kwano ɗaya. Mai wannan ciwo yana yi maka murna da baki, cikinsa yana tafasa. Na ga inda ta kai wani mutumin Toranke, shi ya sa na zauna na rubuta, ko wani zai ji ya shiga taitayinsa.

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, garin Gaya duk ya caɓe. Da aka sauko daga masallaci, Bashir mai situdiyo, wato ɗakin da ake ɗaukar waƙa, ya koma bakin aikinsa a bayan tasha. Ya tarar da kwaɗo a ƙasa an ɓalle shi. Ya leƙa ciki. Makirufo na nan, sifikoki na nan, janareta na nan. Kwamfuta ce babu, ƙaramar nan da ake ninkewa. Ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

Sai na faɗi abin da ke cikin kwamfutar kafin a gane ihun. Akwai wani mawaƙi, Muzammil Toranke, ɗan manoma. Bara ya fitar da albam mai suna Ruwan Shuka, waƙoƙin noma da na zaman gida, da kalangu na gaske, ba kiɗan inji ba. Albam ɗin ya kama ƙasa. Mai shayi shi yake sawa, mai a-daidaita-sahu shi yake sawa, bikin da ba a sa shi ba sai a ce bai yi armashi ba. Malaman jami'a suka shiga rediyo a Kano suna cewa yaron nan ya dawo da waƙar Hausa gidan ubanta. Aka kira shi birni aka ba shi lambar yabo, wani allo mai sheƙi. Masu lissafin waya suka ce waɗanda suka saurare shi sun ninka mutanen Gaya da Ajingi ba adadi. Kowa kuma ya zuba ido yana jiran albam na biyu.

To albam na biyun nan, aikin shekara guda cur, yana cikin kwamfutar da aka ɗauke. Babu kwafinsa a ko'ina. Bashir kullum yana cewa gobe zai kwafe, goben ba ta zo ba. Kuma kowa ya san kwamfutar sata ba ta daɗewa a ƙauye. Kano ake kai ta, masu gyara su wanke cikinta tas su sayar.

Wadda aka turo daga ofishin 'yan sanda ita ce Sajan Karimatu, doguwar mace 'yar Ajingi. Ba ta iya zama wuri ɗaya, ko shayi a tsaye take sha. Ta tarar Muzammil yana kai da kawo a ƙofar situdiyo kamar wanda matarsa ke naƙuda. Kusa da shi ɗan baffansa ne, Tukur, shugaban 'yan amshinsa, yana ta dafa kafaɗarsa yana cewa ya yi haƙuri. Tukur ya girme shi, shi ya fara waƙar biki a Toranke, kuma mahaifiyar Muzammil, marigayiya Baiwa, ita ta raine su tare tun da uwar Tukur ta rasu.

Karimatu ta ɗaga ƙafa za ta shiga. Bashir, da hawayensa da komai, ya tare ta.

"Saja, don Allah, takalmi."

"An yi maka sata, kana ta takalmi?"

"Kafet ɗin ne. Ba a shiga da takalmi. Ko shugaban ƙaramar hukuma da ya zo sai da ya tuɓe."

Ta tuɓe, amma ba ta shiga ba. Ta tsuguna a bakin ƙofa. Sawun taɓo ya taho tun daga titi har dokin ƙofa, nan ya tsaya. Kafet ɗin fes, ko ɗigon laka babu.

"Wa ya shiga tun da ka dawo?"

"Ba kowa. Leƙawa kawai na yi."

Ta shiga ta zaga. A bango ta ga wani allo a rataye, bayansa ne a waje. Ta juyo shi. Lambar yabon Muzammil ce.

"Haka kuke rataye ta?"

"Wa zai rataye ta haka?" in ji Muzammil. "Jiya ma na goge ta da hulata."

Tukur ya sa baki, muryarsa a sama. "Saja, kada ki ɓata lokaci. Ɗanasabe ne, mai tura waƙa a tasha. Tun bara yake cin guminmu. Ki kama shi kafin ya kai ta Kano."

"Zan je. Kai ina ka yi Juma'a?"

"Babban masallaci. Na makara, a sahun baya na tsaya."

Ta ja Muzammil gefe. "Mene ne na ƙarshe da kuka ɗauka?"

"Jiya da yamma, ni da Bashir kaɗai. Waƙar Innata ce. Ban taɓa rera ta gaban kowa ba, ko Yaya Tukur bai ji ta ba. Bashir ya zuba min ita a memori in tafi da ita gida, na manta shi a jikin kwamfutar."

"Rera min."

Ya yi ƙasa da murya ya rera:

Baiwa mai turmin ƙirya,
Kin daka mun ci, kin tafi ba ki ci ba.

 Karimatu ta zura takalminta ta hau babur.

Ɗanasabe yana cikin rumfarsa, wayoyi sun kewaye shi suna caji, yana zuba wa 'yan acaɓa waƙa a memori. Da ya hango ta bai ko motsa ba.

"Saja, na san me ya kawo ki. Ni ɓarawon waƙa ne, duk Gaya an sani. Amma sai ta fito nake sata."

"Ina kake lokacin Juma'a?"

"Nan. Na rufe rumfa na yi salla a bakin titi tare da direbobi. Tambaye su. Kuma ki duba, in da albam ɗin nan yana hannuna, da yanzu yana cikin wayar kowane ɗan acaɓa daga nan har Wudil. Ni ba na iya ajiye waƙa ta kwana."

"Ka taɓa shiga situdiyon Bashir?"

"Ni? Ko inuwar ƙofarsa na taka sai ya jefe ni."

Ta dubi ƙafarsa, wani ƙaton takalmin roba ya sha laka har idon sawu. Ta tafi. Direbobi suka tabbatar da maganarsa.

Binciken Bashir ma bai ɗauki lokaci ba. Tela da mahauci, maƙwabtansa, tare suka tafi masallaci da shi, sahu ɗaya suka tsaya, tare suka dawo.

Saura makaɗin kalangu, Audi. Kowa ya san sun yi cacar baki da Muzammil, don an rage ƙarar kalangunsa a wata waƙa. Ta same shi a ƙofar gidansa yana shanya fatar ganga a 'yar ranar da ta leƙo.

"An ce kun yi faɗa."

"Mun yi, kuma za mu sake. Ya binne min kiɗa a ƙarƙashin muryarsa. Amma hannuna na cikin kwamfutar nan, Hajiya. Wa ke satar hannunsa?"

"Juma'a fa?"

"Ina ƙauyen Gafasa. Na yi wa masu gayya kiɗan noma tun safe, can na yi salla."

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce, babu labari. Karimatu ta bi tashoshi, ta tsare direbobin Kano ɗaya bayan ɗaya, ta leƙa wurin duk mai gyaran waya. Muzammil ya daina cin abinci, wayarsa ba ta daina ƙara, 'yan jarida da masu sayen albam suna tambayar yaushe. Tukur kuwa kullum yana ofishin 'yan sanda yana faɗa, me ya sa har yanzu ba a kulle Ɗanasabe ba. Ya ce ma shi da kansa zai shiga Kano ranar Talata ya zaga kasuwar waya ko zai ci karo da ita.

Ranar Litinin ta hau babur ta nufi Gafasa, hanya duk kwazazzabo, sau biyu tana sauka ta tura. Mai gonar da aka yi wa gayya ya ce ƙwarai, Audi ya wuni a nan, har shi ya ci rabin furar. Audi ya fita daga zargi ke nan. Ta tsaya a bakin hanya ranta a ɓace, ƙishirwa ta dame ta. Ta ji lugude daga wani gida, ta yi sallama ta shige, abin da ɗan sanda namiji ba zai yi ba.

Gidan an yi haihuwa, gobe suna. Mata sun kewaye turame suna surfen gero, taɓarya na tashi sama ana tafawa ana cafewa. Wata ta miƙo mata ruwa a moɗa. Ta kai baki ke nan, mai ba da waƙa ta ɗaga murya:

Baiwa mai turmin ƙirya,

Sauran suka amsa gaba ɗaya:

Kin daka mun ci, kin tafi ba ki ci ba!

Karimatu ta sauke moɗar ba ta sha ba.

"Sannunku da aiki. Wannan waƙa fa, ta ina ta zo?"

"Au, ke 'yar birni ba ki ji ta ba?" in ji mai ba da waƙar, wata Zuhra. "Sabuwar Muzammil ce. Ai ta fi duk na baya, da taɓarya aka auna ta."

"A waya kuka ji?"

"Ina muka ga waya? Talatu ce ta kawo mana jiya da ta zo barka. Matar Tukur ta Toranke. Ita kam kunnenta kamar rikoda."

Karimatu ta yi godiya ta fita da sauri. Daga bakin hanya ta buga wa Muzammil da Bashir, ta ce su same ta a Toranke, kada su gaya wa kowa.

Ta tarar Tukur yana gona. Talatu tana tsakar gida tana tankaɗe, ta shimfiɗa mata tabarma. Karimatu ba ta zauna ba.

"Na ji waƙarki a Gafasa. Har ta fi ta mai ita daɗi."

Talatu ta rufe baki tana dariya. "Kai Hajiya, wace ni! Ta ƙanin maigida ce. Da na ji sunan Inna Baiwa sai da na yi kuka. Ita ta yi min wankan jegon fari."

"A ina kika ji?"

"Nan ɗakin maigida. Ranar Juma'a da ya dawo ya shige ya turo ƙofa, ya sa a rediyonsa mai cin memori. Ya yi ta maimaitawa yana bi, yana kuskurewa, yana komawa farko. Ni ina nan jikin bango ina daka. Tun a ji na biyu na riƙe, shi har la'asar bai riƙe ba."

"Da kaya ya dawo?"

"Wani abu a buhun taki. Ya hau rumbu da shi." Ta dakata da rariya a hannu, ta dubi kakin da ke jikin baƙuwarta. "Hajiya, lafiya dai?"

"Ba ki ji an yi sata a situdiyo ba?"

"Ya ce min an ɗauki wani inji. Wa zai gaya min sauran?"

 Karimatu ta fita ta kira mai unguwa.

Da Tukur ya dawo da fartanya a kafaɗa, ya tarar da zaurensa cike: mai unguwa, Muzammil, Bashir, da Saja a tsaye a bakin ƙofa. Ya yi turus, sannan ya saki fuska.

"An kama shi ne?"

"An kusa. Malam Tukur, ka taɓa jin wata waƙa da ƙaninka ya yi wa mahaifiyarsa?"

"Wace waƙa? Ban taɓa ji ba."

"Ranar Juma'a daga masallaci ina ka nufa?"

"Gida na dawo na sake riga, sannan aka kira ni aka ce an yi sata."

"Wa ka tarar a gidan?"

"Ba kowa."

"Ba kowa?"

"Ba kowa mana. Sai mata."

Karimatu ta ɗaga labulen zaure. "Talatu, taimaka ki rera mana waƙar nan daga inda kike."

 Muryar Talatu ta taso daga tsakar gida, ta rera baitin farko, ta rera na biyu, har na uku wanda Muzammil bai rera wa Saja ba. Muzammil ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa.

"Yaya Tukur," ya ce. 

Mai unguwa ya sa aka kafa tsani. A ƙarƙashin damman gero aka zaro buhun taki, kwamfuta na ciki. Bashir ya buɗe ta, ya danna lambobinsa na sirri. Komai na nan. Ya faɗi ya yi sujada a kan turɓaya.

Mai unguwa ya ce, "Saja, ki warware mana, mu kanmu ya ɗaure."

Ta ce, "Ɓarawon ya ɓalle kwaɗo don a ce bare ne. Amma da ya zo bakin kafet sai ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ya tuɓe takalmi. Bare ba ya tuɓe wa gidan da zai yi wa sata takalmi. Nan Ɗanasabe ya fita daga zargi. Ɓarawon ya bar makirufo da janareta, ya tsaya ya juya lambar yabo ta kalli bango. Mai neman abin sayarwa ba ya tsayawa wannan, sai wanda allon ke ci wa rai. Na ciki, ban da mai waƙar, uku ne. Bashir yana sahu da maƙwabtansa, Audi yana Gafasa. Saura wanda ya ce yana sahun baya, inda ba mai shaidar kowa. Amma zato ba hujja ba ne, shi ya sa na yi ta yawo. Kwamfutar ta ƙi buɗuwa gare shi don bai san lambobin sirrinta ba, sai memorin da aka manta a jikinta. Ya zo gida ya kunna yana haddacewa, ya tabbata ba mai jin sa, don shi a lissafinsa matar da ke daka a jikin bangonsa ba kowa ba ce. Gobe Talata da ya ce zai je Kano nema, kai ta zai yi a buɗe masa."

Tukur ya yar da fartanya. Idonsa ya kaɗa.

"Ni na koya masa riƙe makirufo! Ni na fara kai shi gidan biki yana riƙe min jaka. Yau a rediyo Muzammil, a mota Muzammil, malamai Muzammil. Ni kuwa amshi. Da na buɗe ta, da na rera waƙoƙin da sunana, a ji ko muryata ta fi tasa ko ba ta fi ba."

"Har ta Inna?" in ji Muzammil.

Tukur ya kau da kai.

Bashir ya dubi Muzammil, Muzammil ya gyaɗa kai. Bashir ya laluba cikin kwamfutar ya kunna wata waƙa. Kalangun Audi ya tashi, muryar Muzammil ta biyo tana kiran Yaya Tukur, wanda ya goya shi zuwa makaranta, wanda ya sa masa waƙa a baki. A tsakiya aka bar fili, kiɗa kaɗai ke tafiya babu murya.

"Wannan filin naka ne," in ji Muzammil. "Baiti huɗu, kai kaɗai, ba amshi ba. Ita za ta buɗe albam ɗin. Na so sai ranar ɗauka in nuna maka." Ya juya ga Bashir. "Goge ta."

"Muzammil, ka bari ka huce."

"Goge ta, Bashir."

Ya goge. Karimatu ta taɓa kafaɗar Tukur ta ce ya wuce su tafi.

Albam na biyu ya fito bayan kaka, da waƙar Baiwa a farkonsa, da luguden matan Gafasa a ciki. Ya fi na farko tashe.

Shi kuwa Tukur, ga abin da ya rasa, a ƙirga. Ya rasa sauran daminar, don alƙali ya tura shi gidan yari, ciyawa ta cinye gerona da wakensa. Ya rasa shugabancin 'yan amshi, aka ba wani yaron Kademi. Ya rasa baiti huɗu da da sun kai muryarsa inda bai taɓa zuwa ba. Ya rasa Talatu, da ta ce ba za ta zauna a gidan da ba a ƙirga ta a mutane ba, ta kwashe turminta ta koma gidan ubanta. Ya rasa ƙanin da suka ci tuwon Baiwa tare, suna gaisawa a makabarta da wurin ɗaurin aure, iyakarta ke nan.

Abu ɗaya ya samu. Ya so sunansa ya shiga waƙa, ya kuwa shiga. Matan Toranke sun ƙara baiti a waƙar daka, na mutumin da ya tuɓe takalmi ya yi sata. Duk gidan da ya wuce da hantsi, yana jin sunansa yana tashi tare da taɓarya.